Shaidar Jini A Kan Ciwon Dajin Da Ke Ɓuya Bayan Hanci

Akwai wani lungu a jikin ɗan Adam, can bayan hanci, sama da beli, inda hanyar numfashi ta gangara zuwa maƙogwaro, wanda ko mutum ya wage baki gaban madubi ba zai hango shi ba. To, a nan ne wani nau'i na ciwon daji yake tsira, ya yi watanni yana girma ba tare da mai shi ya sani ba. Galibi abin da yake fara bayyana kaluluwa ce a gefen wuya, mai tauri, marar zafi, ko kunne ɗaya ya toshe, ko haɓo ya yawaita. Mu kuwa nan Sakkwato mun san inda ake fara kai irin wannan, wato wurin wanzami a yi ƙaho, ko kemis a sayi maganin mura, sai abu ya gagara sannan a nufi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, alhali cutar ta riga ta yi jijiya.

Saboda wannan ɓuya ne masana ɗibbu suka nemi shaida daga jini. Asalin labarin kuwa daga Afirka yake, domin a 1958 wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana wani dajin muƙamuƙi da yake kama yara a Uganda, daga tsokar wannan ciwo kuma aka gano wata ƙwayar cuta a Landan a 1964, aka raɗa mata sunan Epstein da Barr, biyu daga cikin waɗanda suka gano ta. Ta yawu take yaɗuwa, kuma fiye da tara cikin goma na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita lami lafiya, sai dai a jikin wasu ƙalilan, bisa hikimar da Allah Ya barwa kansa sani, tana da hannu wajen tsirar dajin bayan hanci. A 1999 Dennis Lo da abokan aikinsa a Hong Kong suka nuna cewa a jikin masu dajin bayan hanci, ɓurɓushin sinadarin halittar wannan ƙwayar cuta yakan zuba cikin jini, har a iya auna yawansa.

Wata babbar jarrabawar wannan awo an buga sakamakonta a 2017. An ɗebi jinin maza 20,174 masu shekara 40 zuwa 62, waɗanda ba su koka da komai ba. Aka sami alamar a jikin 1,112, da aka sake awo bayan kamar mako huɗu sai ta tabbata ga 309 kawai, da aka leƙa hancin mafi yawan waɗannan kuma aka ɗauki hotonsu, sai aka tarar da ciwon ga mutum 34. Kusan bakwai cikin goma nasu ciwon bai yi nisa ba, alhali a da biyu cikin goma ne ake kamawa da wuri.

Duk wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu zai gane matsayin wannan awo nan take, domin ƙarina ce, ba bayyina ba: cikin mutum tara da jini ya tuhuma har sau biyu, ɗaya ne kawai tuhumar ta tabbata a kansa, hukunci kuwa ba ya yankuwa sai an zura siririyar na'ura ta hanci an gani, an kuma yanko 'yar tsoka an duba.

A ganina, auna jinin jama'a gaba ɗaya ya fi dacewa da kudancin Sin, inda cutar ta yi katutu, ko ƙasashen Magariba irin su Tunisiya da Aljeriya, ba da ƙasarmu ba, inda ba ta kai haka yawa ba. Fa'idarsa gare mu tana ga wanda aka riga aka yi zargi, da wanda aka yi wa magani da na'urar haske mai ƙona ciwon, domin in alamar ta ɓace daga jini an sami bushara, in ta dawo kuma likita ya sami gargaɗi tun ciwon bai fito fili ba. Kafin awon ya wadata a asibitocinmu, baligin da kaluluwar wuyansa ta wuce mako uku ba ta saɓe ba, musamman in kunne ɗaya ya toshe tare da ita, sai ya roƙi likita ya leƙa masa bayan hanci.