Ranar Wanka a Gasar NBA: Da Me Ake Auna Ɗan Wasa a Zagayen Fidda Gwani?

A watan Mayun 2018, Masai Ujiri, mutumin da ya tashi a Zariya, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors a Kanada, ya yanke hukuncin da ya ba mutane da dama mamaki. Ƙungiyarsa ta ci wasa 59 cikin 82 na kakar, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta, kuma ita ce ta ɗaya a shiyyar gabas. Duk da haka ya sallami kocinta, Dwane Casey, wanda bayan 'yan makonni aka ba shi kyautar gwarzon kocin shekara. A watan Yuli kuma ya miƙa DeMar DeRozan, tauraron da ya yi kaka tara a ƙungiyar, ga San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda rauni ya sa wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata.

Abin da ya tunzura shi ba ɓoyayye ba ne. Shekara uku a jere Cleveland ta LeBron James na fitar da Toronto a wasannin fidda gwani, a karo biyun ƙarshe ma ko wasa ɗaya Toronto ba ta ci ba. A wasa na uku na karawar 2018, DeRozan a benci ya kalli zangon ƙarshe, domin kocin ya ga sun fi tasiri ba tare da shi ba. Ujiri ya ɗora wasa huɗu a kan sikeli, sai suka rinjayi 59. Shekara ɗaya bayan haka Toronto ta ɗauki kofi.

To me ya sa 'yan kwanakin Afrilu zuwa Yuni suke da wannan nauyi? Amsar tana cikin tsarin gasar. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Yau kana wannan gari, jibi kana wancan, wani lokaci ma ka buga dare biyu a jere. Babu kocin da ke da lokacin zama ya yi wa abokin karawa ɗaya nazari mai zurfi. Da kaka ta ƙare sai a ware ƙungiyoyi 16, takwas daga kowace shiyya, a haɗa su biyu-biyu. Wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Zagaye huɗu ne, wato sai ka ci wasa 16 kafin ka taɓa kofi. Ke nan har tsawon mako biyu abokin karawarka ba shi da wani aiki sai kai. Masu taimaka wa koci za su kalli bidiyonka har su haddace: wane hannu ka fi so, ta ina kake juyawa, me kake yi idan mutum biyu suka rufe ka. Koci da ke sa mutum goma ko sha ɗaya a wasannin kaka zai rage su zuwa bakwai ko takwas, taurari su riƙa buga minti 40 ko fiye cikin 48. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Draymond Green na Golden State ya taɓa kasa 'yan wasa gida biyu, na wasa 82 da na wasa 16, kuma maganar ta zauna a bakin masu sharhi saboda akwai gaskiya a cikinta.

Wanda ya fi nuna yadda ake tona asirin ɗan wasa shi ne Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A kakar 2018 zuwa 2019 babu mai iya tsayar da shi. Yakan karɓi ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya taho a guje, taku biyu ya isa kwando ya danna ta. Ƙungiyarsa Milwaukee ta ci wasa 60, aka zaɓe shi gwarzon kaka. A wasan ƙarshe na shiyyar gabas suka haɗu da Toronto, suka ci wasa biyun farko. Daga wasa na uku sai koci Nick Nurse ya ɗora masa Kawhi Leonard, ya kuma jera masa dogaye irin su Marc Gasol da Pascal Siakam na Kamaru a bakin hanyar kwando, abin da aka riƙa kira katanga. Lissafin Toronto mai sauƙi ne: jifa daga nesa ba ƙarfinsa ba ne, saboda haka a ba shi fili a waje, a toshe masa ciki. A wannan wasa na uku maki 12 kawai ya ci, ƙeta ta yi masa yawa har aka fitar da shi kafin a tashi. Toronto ta ci huɗu a jere. A 2020 Miami ta yi masa irin wannan katanga, ta fitar da su tun a zagaye na biyu, duk da cewa a shekarar ma shi ne gwarzon kaka.

A nan ne masu gaggawar hukunci suka rufe littafinsa, suka ce ɗan wasan kaka ne kawai. Amma duba abin da ya faru a 2021. Giannis bai koma ƙwararren mai jifan nesa ba, har yau ma bai zama ba. Abin da ya canza shi ne wurin da yake karɓar ƙwallo. Maimakon ya ɗauko ta daga nesa katanga tana kallonsa, sai ya riƙa barin ta a hannun Khris Middleton ko Jrue Holiday, shi ya tare musu mai tsaronsu da jikinsa, sannan ya sulale ya karɓa a gindin kwando, inda katanga ba ta da lokacin haɗuwa. Saura jifan kyauta, wato wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ya tsaya a kan layi ba mai tare shi. Yakan daɗe kafin ya jefa, har 'yan kallon abokan hamayya suka riƙa ƙirga masa daƙiƙu da ƙarfi don su rikita shi. A wasa na biyar na karawar ƙarshe da Phoenix, huɗu kawai ya ci cikin 11. A wasa na shida, ranar 20 ga Yuli, ya ci 17 cikin 19, ya tashi da maki 50, Milwaukee ta ɗauki kofinta na farko tun 1971. Kuma duk wannan bayan ya gurɗe a gwiwa a zagayen da ya gabata.

A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne: ba a tambayar ko an gano rauninka, domin kowa za a gano nasa. Abin tambaya shi ne, bayan an gano, da me ka dawo? A wannan bazarar ta 2021 aka ga ɗaya fuskar a wurin Ben Simmons na Philadelphia. Jifan kyautarsa ya lalace har kusan ɗaya cikin uku kawai yake ci, Atlanta ta riƙa yi masa ƙeta da gangan. Maimakon ya jure, sai ya daina neman kwando. A wasa na bakwai ya tsinci kansa a gindin kwando ba kowa a gabansa, ya miƙa wa wani ƙwallon. Bai sake sa rigar Philadelphia a wasa ba.

Sai dai a yi hattara, domin wasa bakwai ba su da yawa, kuma sa'a tana da babban rabo a cikinsu. Kafin Giannis ya kai ga maki 50 ɗin nan, sai da Milwaukee ta buga wasa na bakwai da Brooklyn a zagaye na biyu. Saura daƙiƙu a tashi, Milwaukee na gaba da maki biyu, Kevin Durant na Brooklyn ya juya ya jefa daga nesa, ƙwallo ta shiga. Da aka duba sai aka ga bakin takalminsa ya taɓa layi, aka rubuta maki biyu maimakon uku, aka tafi ƙarin lokaci, Milwaukee ta ci. Da ƙafar Durant ta ja baya kaɗan, da an sake kiran Giannis ɗan wasan kaka, alhali duk gyaran da ya yi yana nan. Haka jifan Kawhi Leonard na ƙarshe a kan Philadelphia a 2019, sau huɗu ƙwallon ta yi tsalle a bakin ƙarfen kwando kafin ta faɗa. A 2018 kuwa Houston ta ɓarar da jifan nesa 27 a jere a wasa na bakwai da Golden State, kuma ba tare da Chris Paul ba, wanda ya ji rauni a wasa na biyar. Wanda zai ce James Harden, tauraron Houston, ya gaza a shekarar, to ya fara faɗa mana nawa ne laifinsa cikin wannan.

Ƙirga zobe ma, wato zoben da ake ba 'yan ƙungiyar da ta ɗauki kofi, awo ne na malalata. Robert Horry yana da bakwai, Michael Jordan shida, Charles Barkley da Karl Malone ba su da ko ɗaya, kuma babu mai hankalin da zai jera su a haka. Jerry West a 1969 ya zama gwarzon wasan ƙarshe alhali ƙungiyarsa, Lakers, ce ta sha kashi. Yawan maki shi kaɗai ma yana ruɗi. Wanda ya ci maki 30 da jifa 30 ya cinye rabon 'yan uwansa ne, ba daidai yake da wanda ya ci 30 da jifa 18 ba.

Idan ana maganar ci gaban ɗan wasa kuwa, sai an haɗa shekaru ake ganinsa. Jordan ya zuba wa Boston maki 63 a 1986, amma ƙungiyarsa Chicago ta faɗi a wasan. Detroit ta fitar da shi a 1988 da 1989 da 1990, da dabarar rufe shi da mutum biyu ko uku da kuma gwabza masa jiki duk lokacin da ya tunkari kwando. Ya koma ya ƙara ƙarfin jiki, ya koyi yarda da abokan wasansa a tsarin koci Phil Jackson, sai a kakarsa ta bakwai, 1991, ya ɗauki kofi. Dirk Nowitzki na Jamus ya zama gwarzon kaka a 2007 da nasara 67, amma Golden State, wadda ta zo ta takwas, ta kori ƙungiyarsa Dallas a zagayen farko, ƙarƙashin tsohon kocinsa Don Nelson wanda ya san shi ciki da bai. An yi masa tambarin rago har zuwa 2011, lokacin da ya doke Miami. A wannan karawar ce LeBron James, wanda a lokacin yake Miami, ya ci maki takwas kacal a wasa na huɗu. Da bazara ta yi sai ya tafi wurin Hakeem Olajuwon a Houston don koyon wasa da baya ga kwando, a 2012 ya ɗauki kofinsa na farko.

Ba banza aka je wurin Olajuwon ba. Haifaffen Legas ɗin nan, wanda aka san shi da buga wasa yana azumin Ramadan, shi ne misalin ɗan wasan da ke ƙaruwa idan wuta ta yi zafi. A 1995 ƙungiyarsa Houston ta zo ta shida a shiyyar yamma. A wasan ƙarshe na shiyya ya haɗu da David Robinson, wanda aka ba kyautar gwarzon kaka a shekarar, ya riƙa cin maki 35 a kowane wasa a matsakaici, yana juya shi yadda ya ga dama. Daga nan suka share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu da nema.

Mu a nan, yawancin wasannin suna farawa ne bayan ƙarfe ɗayan dare agogon Najeriya da Nijar, saboda haka da yawa sai da safe suke ganin gajeren bidiyo da jerin maki a waya. Gajeren bidiyo kuwa danna ƙwallo da jifan nesa yake nunawa. Ba ya nuna ɗan wasan da abokan hamayya suke farauta, suna ta kitsa yadda zai faɗo a gaban tauraronsu saboda sun san tsaronsa ba ƙarfi. Ba ya nuna wanda aka rufe da mutum biyu ya fitar da ƙwallo a kan lokaci wani ya ci. Wanda ya samu damar kallon wasa sukutum, ya lura da su wa koci yake bari a fili a minti biyar na ƙarshe idan maki sun yi kunnen doki, domin wannan shi ne hukuncin wanda ya fi kowa sanin 'yan wasan. Ya kuma kwatanta wasa na huɗu da na farko, lokacin da kowane ɓangare ya riga ya ga hannun ɗan'uwansa.

Akwai kuma waɗanda awonsu yake da wuya ko da an bi duk wannan, kuma Joel Embiid na Kamaru, ɗan wasan Philadelphia, yana cikinsu. Shi ne gwarzon kakar 2023, da maki 33 a kowane wasa, amma a wasa na bakwai da Boston maki 15 ya ci, kuma har zuwa 2025 bai taɓa tsallake zagaye na biyu ba. Masu sukarsa a nan suke tsayawa. Sai dai kusan kowace shekara da rauni yake shiga zagayen fidda gwani, a 2024 ma bayan tiyatar gwiwa ya zuba wa New York maki 50. A wasa na bakwai na 2019, wanda jifan Leonard ya raba gardama, Embiid ya buga minti 45, kuma a tsawon lokacin da yake fili Philadelphia ta fi Toronto da maki goma. A minti ukun da ya zauna ya huta aka ci su da tazarar 12, aka tashi 92 da 90.