Dajin Gir, Inda Zakin Asiya Ya Rage

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun lugga ya san yawan sunayen da Larabawa suka yi wa zaki: asadu, da laisu, da haidaru, da usamatu, da sauransu barjat. Ba jin labarinsa kawai suka yi ba, ganinsa suke yi a kurmin bakin kogin Furatu da na Dijla, yana tare wa ayari hanya. A zamanin da, daga ƙasar Sham zuwa Iraƙi da Farisa, har tsakiyar Indiya, duk akwai shi. To, bindiga da sarar daji sun ƙarar da shi a waɗannan ƙasashe, na Farisa ma tun cikin shekarun 1940 aka yi musu ganin ƙarshe. Yau a duk faɗin Asiya, yanki guda ne tak zaki ke yawo da kansa, watau dajin Gir da kewayensa, cikin Jihar Gujarat, a yammacin Indiya.

Dajin nan dā yana cikin mulkin sarakunan Junagadh ne, waɗanda ake kira Nawab. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, farautar sarakai da ta manyan Turawan mulki ta rage zakokin ƙwarai, har aka ji tsoron za su ƙare. Sai Nawab Rasul Khan, wanda ya yi sarauta daga 1892 zuwa 1911, ya tsananta doka kan harbinsu, ɗansa Mahabat Khan kuma ya bi sawunsa. Bayan Turawa sun tafi a 1947, hukumar Indiya ta riƙe wannan hani. A 1965 aka mai da dajin hurumin namun daji, a 1975 kuma aka keɓe tsakiyarsa, aka hana kiwo da sara a ciki. Faɗinsa duka ya kai mil 545 murabba'i.

Mai son ziyara yakan sauka birnin Junagadh, sa'an nan ya kama hanyar mota kamar mil 40 zuwa ƙauyen Sasan, nan ne ƙofar daji. Ba a shiga sai da takardar izni, ita kuwa ta intanet ake nemanta tun kafin a taso, domin motocin da ake bari su shiga kowace rana ƙididdigaggu ne. Ana rufe dajin da damina, daga tsakiyar Yuni zuwa Oktoba. Wanda ke son ganin zaki sosai, gara ya daure wa zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ganye ya kaɗe, namun daji suka taru a mashaya.

Da asuba ake fita, ko da la'asar, a buɗaɗɗiyar mota, tare da jagora na hukuma, a yi kamar sa'a 3 ana kewayawa. An hana sauka, an hana ihu, an hana jefa wa dabba abinci. Ƙasar busasshiya ce mai duwatsu da ƙayoyi da itacen katako, wadda mutumin Arewa zai ga kamar ya santa. Akwai barewa mai ɗigo-ɗigo garke-garke, da wani irin gwanki, da aladen daji, da ɗawisu, da damisa; a madatsar ruwa ta Kamleshwar kuwa ga kadoji nan suna shan hantsi. Jagora ba ya dogara ga ido kaɗai. Sawu yake dubawa a ƙura, yana kuma kasa kunne, gama in barewa ta yi kukan tsoro, birai suka ɗauka daga bisa itace, to, manyan dawa na kusa. Duk da haka ba a yi wa kowa alkawari, wani ya gani tun a mashayar farko, wani ya koma sai labarin sawu.

Wanda ya dace zai ga zakin Gir ya ɗan bambanta da wanda aka saba gani a hoto. Gezarsa gajera ce, har kunnuwansa na fitowa fili, kuma yana da wata fata da ta ninku a tsawon cikinsa. Maza sukan yi ƙawance biyu-biyu su ware, zakanya kuwa ta zauna da 'yan'uwanta da 'ya'yansu.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne mutane. A cikin hurumin akwai makiyaya da ake kira Maldhari, suna zaune a rugage da aka kewaye da shingen ƙaya, suna kiwon shanu da baunar gida, suna sayar da nono da man shanu. Makiyayi na tafe da sandarsa bayan garke, zaki na kwance a inuwa ba nisa, kowa na harkar gabansa. Zaman nan fa ba kyauta ba ne: zaki na cin dabbobinsu, hukuma na biyan diyya, su kuwa ba su cika ramawa da guba ko tarko ba. A cikin shekarun 1970 an tashi gidaje da yawa daga cikinsu zuwa wajen daji, da kiwo ya ragu sai ciyawa ta dawo, barewa ta yaɗu, zaki ya sami abincinsa na asali.

Ƙidaya ta nuna amfanin wannan tsari. A 1968 zakoki 177 aka samu. A 2015 sun kai 523, a 2020 sun kai 674, a 2025 kuwa 891. Yanzu daji ya yi musu kaɗan, fiye da rabinsu suna waje, cikin gonakin rake da lambunan mangwaro, har bakin teku. Can wasu ke faɗawa rijiyoyin da ba su da murfi, wasu jirgin ƙasa ya take su.

Amma babban haɗari kowane falke zai gane shi, domin mai hankali ba ya ɗora dukan jarinsa kan raƙumi guda. Zakokin nan duk zuriyar 'yan kaɗan ɗin da suka tsira ne, jininsu kusan ɗaya, mazauninsu ɗaya, saboda haka annoba guda na iya yi musu ɓarna mai yawa. A 1994 wata cutar karnuka ta kashe zakoki wajen 1,000 a Serengeti ta Tanzaniya, a 2018 kuma ita ce ta shiga wani sashen Gir, fiye da 20 suka mutu cikin 'yan makonni. Tun a 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta yi umurni a kai wasu dajin Kuno na Jihar Madhya Pradesh, amma hukumar Gujarat ba ta sake su ba, ta fi son ta ajiye su a wani hurumi na cikin jiharta mai suna Barda.

Labarin nan ya shafi ƙasashenmu. A 2017 masana suka sa zakin Gir da na Afirka ta Yamma a reshe guda, bayan sun gwada jininsu. Binciken da aka bayyana a 2014 ya ƙiyasta na Afirka ta Yamma wajen 400 kacal, galibinsu a dazuzzukan da ke iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, 'yan kaɗan a Kainji da Yankari. Na Gir sun taɓa kasa haka nesa ba kusa ba, abin da ya tsamo su kuwa shi ne doka da aka tsare, da diyya da ake biya, da haƙurin makiyayi.