Deng Yaping: Yarinyar Da Aka Ce Ta Yi Gajarta

Mutanen Daura da yawa sun san ƙasar Sin ne ta wajen kamfanin CCECC, wanda ya gina Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a garin cikin shekarar 2019. Amma a fagen wasanni, ba abin da ya fito da sunan Sin kamar ƙwallon tebur, kuma cikin matan da suka riƙe kambun wannan wasa da wuya a sami wadda ta kai Deng Yaping.

An haife ta a 1973 a birnin Zhengzhou na lardin Henan. Mahaifinta mai koyar da wasan ne, shi ya ɗora ta a kai tun tana shekara 5. Da aka kai ta ƙungiyar lardi, sai masu zaɓe suka dube ta sama da ƙasa, suka ce ta yi gajarta, aka sallamo ta. Gajartar kam gaskiya ce, domin ko da ta girma tsayinta kamar ƙafa 5 ne. Tana shekara 13 ta ci gasar ƙasa, amma duk da haka ba a buɗe mata ƙofar ƙungiyar ƙasa ba sai a 1988.

Abin da masu zaɓen ba su lura da shi ba shi ne yadda take wasan. Dogon ɗan wasa yakan ja da baya ya jira ƙwallo, ya dogara ga tsawon hannunsa. Ita kuwa sai ta manne wa tebur, ta doke ƙwallon da zarar ya taɓa katako, kafin abokiyar karawa ta gyara tsayuwa. Ƙwallon da dogo zai ga ya yi ƙasa, ya tare shi da lallami, a wurinta ya taso daidai bugu. Ya kamata malaman wasanni na makarantunmu, waɗanda sukan jera yara su tsame dogaye tun ba a buga ko ƙwallo ɗaya ba, su auna wannan.

Shekara guda da shigarta ƙungiyar ƙasa, a 1989, ita da Qiao Hong suka ci gasar duniya ta 'yan bibbiyu. Ta ci ta 'yan ɗai-ɗai a 1991, da 1995, da 1997. A wasannin Olamfik na Basalona a 1992 ta kwashe lambobin zinariya 2, ta sake kwashe 2 a Atlanta a 1996, inda Funke Oshonaike ta Nijeriya ta yi fitowarta ta farko a Olamfik. Shekara 8 a jere tana kan gaba a jerin matan duniya.

Tana shekara 24 ta ajiye wasa, sa'an nan ta fuskanci abin da yakan kayar da zakaru da yawa, wato rayuwa ba takardar ilmi a hannu. Ta shiga Jami'ar Tsinghua koyon Ingilishi, kuma ita da bakinta ta faɗi cewa lokacin ba ta iya rubuta baƙaƙen Turanci 26 cikakku ba. Daga nan ta yi digiri na biyu a Jami'ar Nottingham ta Ingila, ta kammala na uku a Kambirij a 2008, shekarar da take cikin masu kula da masaukin 'yan wasa a Olamfik na Beijing.

Ba duk abin da ta taɓa ne ya yi albarka ba. A 2010 aka ba ta shugabancin wani kamfanin bincike a intanet na jaridar gwamnatin Sin, wanda aka san shi da sunan Jike. Kamfanin bai sami kasuwa ba, daga bisani aka haɗe shi da wani, ta sha suka a kan kuɗin da aka zuba.