Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dalilin Warin Tankin Ruwan Sama

Ruwan famfon da ake tacewa a madatsar Usuma da ke kusa da Bwari bai wadaci Abuja ba. A unguwanni irin su Lugbe, Karu, Nyanya da Kuje, gidaje da dama sun dogara ne da rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Shi ya sa da damina ta sauka wajen watan Afrilu, sai a ga tankuna sun yi layi a ƙarƙashin indararo. Dabara ce mai kyau, domin rufi mai faɗin murabba'in mita 100 kan tara kusan lita 1,000 daga ruwan milimita 10 kacal. Sai dai bayan 'yan makonni, uwargida ta murɗa famfon tanki wari ya doki hancinta.

Daga rufi matsalar take farawa. Tun daga Nuwamba har Maris ƙura na sauka a kan kwano, tantabaru da jemagu da ƙadangaru na barin kashinsu, busassun ganyen mangwaro da na dalbejiya na cika mazurari. Ruwan farko ne ke kwasar wannan tarin shara ya juye a tanki, ta kwanta a gindi ta zama baƙin taɓo. Ƙwayoyin cuta su hau cin taɓon har iskar da ke cikin ruwan ta ƙare. Daga nan wasu ƙwayoyin da ba su buƙatar iska su karɓi aiki, su riƙa fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin ranar da ke dukan baƙin tankin roba yana ƙara hanzarta ruɓewar.

Hanci kan nuna inda cutar take. Warin ƙwai alamar taɓo ce a gindi. Warin mushe na nufin ɓera ko ƙadangare ko tsuntsu ya faɗa ya mutu. Idan ƙarnin kududdufi ne, a haska ciki da tocila: za a ga gansakuka ta yi kore a bango, saboda hasken rana na shiga ta murfin da ya fashe. Tankin ƙarƙashin ƙasa kuwa, in ya fara warin masai, a bincika ko ya tsage kusa da ramin shadda, kuma a daina amfani da ruwan nan take. Malaman fikihu ma sun ce ruwan da najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko wari ba a alwala da shi.

Zuba magani a kan taɓo wahalar banza ce, warin zai dawo. Sai an zubar da ruwan, an kwashe taɓon, an goge bango da buroshi da ruwan bilic, sannan a ɗauraye sosai. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, kuma kada kowa ya shiga tankin ƙasa shi kaɗai, domin iskar da ke ciki tana iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci.

Bayan wanki, a sare rassan da suka rufe kwano, a share mazurari, a ɗaura raga mai ƙananan ramuka a bakin shigar ruwa da bututun ambaliya, abin da zai hana sauro haihuwa a ciki. A bar ruwan sama na farko da na biyu su wanke rufi su wuce, haka ma 'yan mintocin farko na duk ruwan da ya biyo bayan kwanaki ba a yi ba. Mafi dacewar lokacin wanke tanki da share rufi shi ne Maris, sa'ad da tanki ya kusa ƙafewa.

Rashin wari kuma ba shaidar tsabta ba ce. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba su da wari, kuma kwalarar 2021 ba ta ƙyale Babban Birnin Tarayya ba. Alif yana kwantar da datti amma ba ya kashe cuta. Ruwan sha dai a tafasa shi, ko a ɗiga masa WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalba, a jira minti 30 kafin a ba yara.