Daga Madawa zuwa Keita: gyaran ƙofar gida da makomar garantin sabuwar mota

Ranar da sabuwar mota ta iso gidan wani ɗan kasuwa a Madawa, ko ta shiga harabar wata ma'aikata a Buza ko Keita, jama'a kan taru suna shafa fenti, suna yi wa mai ita addu'ar Allah ya sa a mora, Allah ya kiyaye hanya. A cikin wannan murna ba kasafai ake tunawa da ƴan littattafai biyu da ke kwance cikin ƙaramin akwatin gaban motar ba. Ɗaya yana ɗauke da sharuɗɗan garanti, ɗayan kuma shi ne littafin kula da mota wanda aka fi sani da karne. Da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, kuma sau da yawa ba a buɗe su sai ranar da inji ya tsaya. A ranar ne mai mota yake gane cewa darajar littattafan nan tana iya kai ta sabon inji.

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera mota yake ɗauka ta bakin wakilinsa: in wani abu ya lalace saboda aibin ƙira, cikin wa'adin da aka yanka, za a gyara ko a canza ba tare da mai mota ya biya ba. Ga motocin Toyota, waɗanda kamfanin CFAO ke wakilta a Yamai, wa'adin da aka saba gani a ƙasashe da dama shi ne shekara 3 ko kilomita 100.000, duk wanda ya riga cika. Alkawarin bai shafi abin da ke cinyewa da aiki ba, kamar taya, takalmin birki, faifan kuloci da filta. Bai shafi haɗari ba. Haka kuma bai shafi ɓarnar da rashin kula, ko lodi fiye da ƙima, ko canjin da mai mota ya yi da kansa ya jawo ba. A kan wannan sharaɗi na ƙarshe ne mafi yawan gardama take tashi.

Al'adar da tsofaffin motoci suka bari

Mutanen wannan yanki ba baƙin mota ba ne. Shekara da shekaru Peugeot 404 da 504 suna ɗaukar albasar kwarin Tarka da fasinjojin kasuwar Tamaske, kuma tun da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975 kayan gyaransu suka wadata a kasuwannin iyaka. Motoci ne da makaniki mai sufana da guduma yake iya kwance su ya mayar a gindin bishiya. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano. Irin waɗannan ba su zuwa da alkawarin kowa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka kowa ya koyi dabarun lallaɓa tasa.

Dabarun nan sun yi rana, kuma har yau su ne ke riƙe da sufurin ƙauyuka. Matsalar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauko su aka ɗora wa motar da ta fito daga kamfani jiya, wadda kwamfuta ke sarrafa injinta, kuma kamfani ya ɗaure ta da sharuɗɗa a rubuce.

Nisa da ƙura

Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, ta Ƙwanni da Dosso. Mutumin Buza ko na Keita kuwa sai ya ƙara wata tafiyar kafin ya hau babbar hanya. Littattafan kamfanoni suna ware abin da suke kira aiki mai tsanani, wato hanyar ƙura, zafi mai yawa da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma a irin wannan hali sukan rage tazarar juyen baƙin mai zuwa kilomita 5.000. Motar da ke hawan duwatsun Adar, tana ratsa ƙoramu da damina, tana shan ƙurar hunturu, ba ta da wani aji sai wannan. Ke nan in sai an je Yamai za a yi juye, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na tazarar, ban da kuɗin mai, da kwanan direba, da cinikin kwana biyu da aka rasa.

Ba abin mamaki ba ne mai mota ya kira makanikin unguwa, ko ya sa direbansa ya shiga ƙarƙashin mota a ƙofar gida. Juyen mai ba aiki ne mai wuya ba. Amma ranar da inji ya ƙone aka kai ƙara wurin wakilin kamfani, tambayar farko ita ce a kawo karne. In aka tarar da shafukansa fari fat, babu kwanan wata, babu adadin kilomita, babu hatimi, babu rasiɗin mai ko na filta, to mai mota ba shi da abin da zai nuna cewa an yi juyen a kan lokaci, ko cewa man da aka zuba shi ne wanda littafi ya ambata. Yana iya kasancewa mai gaskiya, amma gaskiyar da ba ta da shaida ba ta cin shari'a.

Akwai kuma batun jabun kaya. Filtar da aka saya da araha tana iya zuwa cikin kwali mai tambarin kamfani, alhali takardar da ke cikinta ba ta tare ƙura. Haka nan al'adar hura filtar iska da famfo mai ƙarfi tana iya fasa ta ba tare da ido ya gani ba. Ƙurar da ta wuce takan goge cikin inji kamar yashi, kuma makanikin da ya buɗe injin yana gane alamarta nan take.

Canje-canjen da aka fi yi

Na farko shi ne ƙarin sifirin. Ɗaukar a-kori-kura irin Hilux ba ta wuce wajen tan 1 ba, alhali buhun albasa na kasuwannin Tumfafi da Arzarori yakan haura kilo 100. Buhu 10 sun riga sun cika ma'auni tun kafin direba da karen mota su hau. Sai a ƙara ƙarafan sifirin, a ɗaga shingen baya, motar ta daina durƙusawa. Sai dai sifirin bai ƙara wa shasi ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa giya ko aksul ba. In ɗaya daga cikinsu ya karye, ƙarafan da aka ƙara su ne shaidar farko da za a kafa a kan mai mota.

Na biyu shi ne cire ƴar na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wadda ake kira kalorsta da Faransanci. Makanikai da yawa suna ganin an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Alhali injin zamani an tsara shi ya yi aiki a wani ƙayyadadden zafi. In aka cire ta, yakan daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai fiye da bukata, ƙarafa su riƙa cin juna. Zuba ruwan rijiya zalla a maimakon ruwan sanyaya inji shi ma yana tara tsatsa da farar ƙasa cikin lagireto.

Na uku shi ne yankan waya don sa rediyo, ƙarin fitilu ko babban oda. A tsohuwar 504 abin da zai faru bai wuce ƙonewar fis ba. A motar yau wayar da aka yanka tana iya kasancewa hanyar saƙo tsakanin kwamfutocin motar, kuma akwatin kwamfuta ɗaya yana iya lashe albashin ma'aikaci na watanni. Sa tayoyin da suka fi na asali girma yana ƙara wa giya da birki wahala, yana kuma sa agogon kilomita ya daina faɗin gaskiya, alhali da shi ake lissafin wa'adin garanti.

Sai maganar mai. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 ƙasa take tace nata man, amma an daɗe da sabawa da man kwalba da na jarka da ke tsallako iyaka, duk da cewa cinikinsa ya ja baya bayan da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Injin gazuwal na zamani yana fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƴan ƙofofin da suka yi kusa da kaurin gashi. Ɗan ruwa ko ƙasa daga gindin duro ya isa ya kashe famfon da bakunan feshin, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai.

Abin da doka ta tanada

A Amurka wata doka ta 1975 mai suna Magnuson-Moss ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai fa in kyauta zai bayar. A Tarayyar Turai ma, ƙa'idojin 2002 da na 2010 sun ba mai mota damar kai ta garejin da yake so don kulawar yau da kullum, muddin an bi jadawalin kamfani. Waɗannan dokoki ba su aiki a Nijar, amma hikimar da ke cikinsu abin riƙewa ce wajen jayayya: a tambayi wakili ya nuna alaƙar da ke tsakanin canjin da aka yi da abin da ya lalace. Rediyon da aka ƙara ba shi da ruwa da fentin da ya ɓare, kuma ƙarin sifirin ba shi ne ya kashe injin goge gilashi ba.

A nan gida, abin da aka sa wa hannu shi ne yake ɗaure ɓangarorin biyu. In littafin ya ce sai garejin da kamfani ya amince da shi, to haka ɗin ne. Sai dai bayan garantin kamfani akwai haƙƙin da doka da kanta ta bayar a kan ɓoyayyen aibi, wanda ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa mayar da dabba ga dillali don an ɓoye masa cutarta. Ga cinikin da ke tsakanin ƴan kasuwa, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take ciki kuma aka sabunta a 2010, ta yanka wa'adi: aibin da ke bayyane ranar karɓar kaya sai a sanar da mai sayarwa cikin wata 1, ɓoyayye kuwa a shigar da ƙara cikin shekara 1 daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi. Wannan doka ba ta shafi motar da mutum ya saya don hawan kansa da iyalinsa ba. Shi dokar farar hula ce take kare shi. Haka nan dokar inshora ta CIMA ta wajabta wa mai mota ya sanar da kamfanin inshorarsa cikin kwana 15 duk wani sauyin da ya ƙara haɗari. Wanda ya mayar da motar gida ta haya, ko ya canza mata ƙira, ya yi shiru, yana iya rasa garanti da diyya a rana ɗaya.

Wani abin lura shi ne motar da aka sayo sabuwa daga Dubai ko wata kasuwar waje ba ta hannun wakilin ƙasa ba. Garanti galibi yana bin yankin da aka yi motar dominsa, don haka sabuntar mota ba ta nufin wakilin Yamai zai ɗauki nauyinta. Haka batun yake ga babura da kekuna masu ƙafa uku, waɗanda su ne sababbin ababen hawan da aka fi saye a yankin: wanda aka haɗa masa babur a bakin kasuwa ba tare da takarda ba, alkawarinsa bai wuce mutuncin da ke tsakaninsa da mai shago ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ranar ciniki ita ce ranar da mai saye yake da ƙarfi, tun kuɗi suna hannunsa. A ranar ya kamata ya tambayi garejin da aka amince da shi mafi kusa da garinsa, ya kuma nemi a rubuta masa ko an yarda a yi ƙaramin juye a Madawa, Ƙwanni ko Tawa in ya sayi mai da filta daga wurin wakili. In yana da niyyar sa ƙarfen gaba, ko abin ɗaura kaya a sama, ko ƙarin tanki, ya faɗa tun a nan, a sa masa ko a ba shi izini a rubuce. Bayan haka duk aikin da aka yi wa motar a rubuta kwanan wata da kilomita, a lika rasiɗi a cikin karne.

Duba mai da ruwa da safe, auna iskar taya, tsiyaye ruwan da ya taru a filtar gazuwal, canza ƙwan fitila: waɗannan littafin da kansa ya ɗora wa mai mota su. Amma in fitilar gargaɗi ta kama, ko inji ya canza murya, a kira wakili kafin kowa ya sa sufana, domin injin da aka riga aka kwance da wuya a karɓi ƙararsa.

Ma'aikatan da ke riƙe da motocin gwamnati da na furoje nauyinsu ya fi na kowa. Motar da aka ba asibitin gunduma don ɗauko masu naƙuda daga ƙauyuka, in ta rasa garanti saboda wani ya yi sakaci da karne, gyaranta zai jira kasafin kuɗin da ba a san ranar zuwansa ba, ita kuwa ta hau kan duwatsu a bayan ofis. Shekara 3 ba su da yawa. In suka cika, mota ta zama ta mai ita da makanikinsa, su yi mata abin da suka ga dama. Kuma ranar da zai sayar da ita, cikakken karne zai ƙara mata kuɗi a bakin dillali.