Yadda ake sabunta manhajojin kwamfutocin ofis ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Ko da ba ku taɓa aiki da kwamfuta ba, mai yiwuwa ne sunanku yana cikinta. Takardun haihuwa, jerin sunayen ƴan ƙungiyar manoma, lissafin buhunan albasa da rahotannin asibiti, da yawa daga cikinsu da kwamfuta ake rubuta su a yau. Idan kwamfutar ofis ta lalace a Tajaye, ko Illela, ko Malbaza, ko Birnin Ƙonni, aikin jama'a ne yake tsayawa. Wannan darasi zai bayyana muku abin da ake nufi da sabunta manhaja, da dalilin yin sa, da hanyar da ofis zai bi ya yi shi cikin sauƙi.

Mece ce manhaja?

Kwamfuta kamar jiki ce, manhaja kuwa ita ce ilmin da ke sa jikin ya yi aiki. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin ofis. A kanta ake girka manhajojin aiki irin su Word, ta rubuta wasiƙa, da Excel, ta lissafi. Waɗannan biyun suna cikin kunshin da ake kira Office, na kamfanin Microsoft da ke Amurka.

Me ya sa ake sabunta ta?

Mutane ne suke rubuta manhaja, saboda haka ba ta rasa kuskure. Wani kuskuren kamar ɓaraka ce a katangar gida, ta nan ɓarawo yake shiga. Idan kamfanin ya gano ɓarakar, sai ya aiko da gyara ta intanet. Tun daga watan Oktoba na 2003, Microsoft take fitar da irin wannan gyara a ranar Talata ta biyu ta kowane wata.

Ga abin da sakaci ya jawo. A ranar 12 ga Mayu 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ta kulle takardun da ke cikinsu, ta nemi a biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe. A Ingila sai da asibitoci da dama suka ɗage ganin marasa lafiya. Alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ta riga ta fitar da gyaran da ke toshe ɓarakar. Waɗanda suka girka shi sun tsira. Riga-kafi ya fi magani.

Ina wahalar take a wajenmu?

Wahala ta farko ita ce kuɗin intanet. A ce ofis yana da kwamfuta 5, kuma kunshin Office yana cin gigabait 3 wajen saukarwa. Idan kowace kwamfuta ta sauke nata, an ci gigabait 15. Idan an sauke sau ɗaya aka raba wa sauran, gigabait 3 kawai aka ci.

Ta biyu ita ce wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka gyara, manhajar tana iya lalacewa. Ta uku ita ce mantuwa: ma'aikaci yana cikin aiki, kwamfuta ta nemi a sabunta ta, sai ya ce sai gobe, goben kuwa ba ta zuwa.

Rubutaccen umarni

Maganin waɗannan matsaloli shi ne rubutaccen umarni. Ku tuna yadda gida yake yi ranar kasuwa. Ba kowa ne yake biyan kuɗin mota ya tafi Ƙonni ba. Mutum ɗaya ake aika, a rubuta masa abin da zai sayo, in ya dawo a raba wa kowa nasa. Haka ake yi wa kwamfuta. Masanin kwamfuta yakan rubuta mata jerin ayyuka a cikin ɗan ƙaramin fayil, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an tsaya a kanta ba.

Microsoft tana ba da wani kayan aiki kyauta domin wannan, sunansa Office Deployment Tool. Ga yadda aikin yake tafiya:

1. A rubuta abin da ake so: wane nau'in Office, da wane harshe, misali Faransanci, da wurin da za a ajiye shi.
2. A sa kwamfuta ɗaya mai intanet ta sauke kunshin, ta ajiye shi a wuri ɗaya.
3. Sauran kwamfutocin su ɗauka daga wannan wurin, ta wayar da ta haɗa su. Idan ba a haɗe suke ba, a kai musu a cikin ƴar ma'ajiyar USB.
4. A sa wa aikin lokaci. A cikin Windows akwai abin tsara lokutan aiki, wanda zai tayar da umarnin da kansa kowane wata.

Da wannan hanya, ofishin da ke wurin da intanet ba ta da ƙarfi yana iya sa a sauke masa kunshin a Ƙonni ko a Tawa, a kawo masa.

Zaɓen lokaci

Manyan kamfanonin ƙasashen waje da dare suke sabunta kwamfutocinsu, domin wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba. Ofishin da ke aiki da hasken rana kada ya kwaikwaye su. Da dare batir yana raguwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun tsakar rana, sa'ad da batir yake cike kuma ma'aikata sun tashi salla da cin abinci.

Abubuwan kiyayewa

A gwada a kan kwamfuta ɗaya tukuna. Uwargida takan ɗanɗana miya kafin ta zuba wa mutanen gida. A ranar 19 ga Yuli 2024, wani gyara mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya aika ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, har jiragen sama da yawa suka kasa tashi. Saboda haka a girka sabon gyara a kwamfuta ɗaya, a jira kwana biyu ko uku, sannan a bai wa sauran.

A kwafe muhimman takardu a ajiye su a wani wuri dabam kafin a fara.

Kada a karɓi rubutaccen umarni daga wanda ba a sani ba. Kwamfuta ba ta bambanta umarnin kirki da na mugunta, duk abin da aka rubuta mata shi take yi.

A san shekarun manhajar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020. Ta kuma daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da Office 2019 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Manhajar da kamfani ya daina yi wa gyara, babu umarnin da zai toshe ɓarakarta.

A guji Office ɗin sata. Kayan aikin da muka ambata kyauta ne, amma shi kansa Office sai an biya kuɗin lasisi. Kwafin sata sau da yawa yakan zo da muguwar manhaja a ɓoye. Ofishin da ba shi da halin biya yana iya amfani da LibreOffice, wadda aka fara a 2010. Kyauta ce, doka ta yarda a kwafe ta a kwamfutoci ko nawa ne, tana buɗe takardun Word da Excel, kuma ita ma ana iya girka ta da rubutaccen umarni.

Mene ne naku a ciki?

Ba lalle ba ne ku iya rubuta umarnin da kanku. Amma idan kuna cikin kwamitin ƙungiya, ko na makaranta, ko na asibiti, kuna da ikon yin tambayoyi uku: Wa aka ɗora wa alhakin sabunta kwamfutocinmu? Yaushe aka sabunta su na ƙarshe? Ina aka ajiye kwafin takardunmu?

Ku nemi a ajiye littafi kusa da kwamfuta. Duk ranar da aka sabunta ta, a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya duba. Duk wanda ya iya karatu a cikinku zai iya buɗe littafin ya ga ko an yi aikin wannan wata.