Masama: A Tambayi 'Yan Kabu-kabu Kafin a Zuba Marmara

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a ƙasar Gwandu, mutumin Masama da zai je gona ko kasuwa ko asibiti ba ya tambayar nisan tafiya. Abin da yake tambaya shi ne, "Ta ina ake bi yau?" Wanda ke da amsar kuwa, kusan kullum, ɗan kabu-kabu ne.

Masama gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya. Gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa inda Allah ya ba da fadama. Haka rayuwa take daga nan har Kalgo, duk a cikin Masarautar Gwandu. Babbar hanya mai kwalta tana haɗa manyan garuruwa, amma abin da ke haɗa ƙauye da ƙauye, da gona da rumbu, ƙananan hanyoyi ne da ƙafa da kofato da tayar amalanke suka fitar. A kansu babur ke yini.

Ana idar da sallar asuba matasa ke fara tura babura zuwa tasha, kusa da teburin mai shayi. Kafin hantsi an watse. Wannan ya ɗauki buhun taki da mai shi, wancan ya ɗauki malamin makaranta, wani kuma an ɗaure masa akuya a baya za a kai kasuwa. Ranar kasuwa babur ɗaya kan ɗauki kayan da a birni sai an nemi a-kori-kura. Idan dare ya raba, naƙuda ta yi gardama, ungozoma ta ce sai asibiti, ƙofar ɗan kabu-kabu ake ƙwanƙwasawa. Shi ne motar asibitin ƙauye, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalarsa. Da rani rairayi ne, taya ta nutse, fasinja ya sauka ya taka. Da hunturu ƙura da sanyin safiya, ido ya yi ja, ƙirji ya kama. Da kaka kaya ke yawa, amalanke da motocin ɗaukar amfanin gona su yanka hanya. Amma damina ita ce uwar gayya. Ruwan dare ɗaya kan buɗe kwazazzabo a inda jiya ake wucewa a guje. Kwalbatin da yashi da leda suka toshe sai ya mayar da ruwa kan hanya, ruwan ya yi ta cin gefe har ya raba ta biyu. Daga nan sai zagaye, zagayen kuma sau da yawa ta gonar wani ne, abin da ke jawo cacar baki har gaban mai unguwa. Mutanen Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta shafe gonakin shinkafa ta karya gadoji. Irin wannan babba ce, kowa ya ji labarinta a rediyo. Ƙananan da ke faruwa kowace shekara, waɗanda tifa biyu ta marmara da kwalbati ɗaya za su magance, ba wanda ke jin su sai mai bin hanyar.

Ɗan kabu-kabu ya san hanyar nan rami-rami. Ya san inda laka ke riƙe ruwa kwana da kwanaki, da inda take shanyewa kafin azahar. Ya san wace hanya ce ta fi ɗaukar jama'a ranar kasuwa, wace ce ɗalibai ke bi, wace ce ba ta da amfani sai lokacin girbi. Ya kuma san kuɗin kowace ɓarna, domin daga aljihunsa take fita: sarƙar da ta tsinke, tayar da ta fashe, man da zagaye ya ƙara ci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane zagaye ya zama kuɗi mai zafi, kuma fasinja ne ke ƙarasa biya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin takaici, a mafi yawan ƙauyukanmu idan za a zaɓi hanyar da za a gyara, da wuya a ji an tara waɗannan matasa an tambaye su. Injiniya kan zo da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta rufe asirinta, ya auna ya koma. Wani lokaci ma hanyar da ta bi ta ƙofar mai faɗa-a-ji ita ke shiga kasafi.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane amfanin tambayar mahayi. A Kanada da arewacin Amurka akwai wani irin babur da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, hanyoyinsa kuma na lokaci ɗaya ne a shekara, sanyi na wucewa su ɓace. Lardin Kwibek kaɗai yana da irin waɗannan hanyoyi kimanin kilomita 33,000. Mahaya ke sayen takardar izinin bin hanya, kuɗin ya koma wurin ƙungiyoyinsu, su kuma su daidaita hanya su kafa alamomi. A jihohin Amurka da dama hukuma kan aika wa mahayan tambayoyi: ina kuka fi bi, ina ya lalace, me kuke so a fara yi da kuɗinku? Su wasa da shaƙatawa ke fitar da mafi yawansu. Namu kuwa abinci suke nema, da rai a bayansu. Idan mai hawa don nishaɗi ya cancanci a tambaye shi, ban ga dalilin da zai sa a ƙi tambayar mai kai mara lafiya asibiti ba.

Kuma ba a ce babu wurin da amsar za ta yi aiki ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ga kuma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi dala miliyan 280 a 2020, tare da gudummawar hukumar raya ƙasashe ta Faransa, Kebbi na cikin jihohin da ya shafa. Shirin ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyaran hanya, saboda an gane cewa ginawa ba ta da wuya kamar kulawa. Kuɗi irin wannan ba ya isar kowace hanya. Dole a zaɓa, zaɓin kuma sai da sani.

Tambayar ba ta buƙatar kwamfuta ko baƙo daga Abuja. 'Yan kabu-kabu suna da ƙungiya, suna da shugaba a tasha, suna yankar tikiti. A zauna da su sau biyu a shekara, ƙarshen damina lokacin da ɓarna ke fili, da kuma bazara kafin ruwa ya sauka. A yi da Hausa, da baki, a inuwar tasha, malamin makaranta ko akawun kansila ya rubuta. Kowa ya faɗi wurare uku da suka fi ba shi wahala. Inda bakuna suka haɗu, nan ne za a fara. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki wurin ranar da ruwa ya cika shi, domin injiniyan da zai zo a Fabrairu ya ga abin da Agusta ke yi.

Akwai inda za a yi hattara. Talaka ya saba cewa duk wanda ya zo da biro da takarda yana tambayar suna, haraji ke biye da shi. Mai babur kuma yana da ƙarin dalilin ɗari-ɗari, tunda ya ji yadda aka taƙaita zirga-zirgar babura a Zamfara da Katsina a 2021 saboda matsalar tsaro. Don haka kada a nemi suna ko lambar babur. Hanya ake tambaya. A bi ta hannun dagaci da limami, a faɗi dalili a fili. Sannan ɗan kabu-kabu, kamar kowa, inda yake samun fasinja zai fi ambata. Sai a ji ta bakin mai amalanke, da matan da ke kai yara rigakafi, da makiyayin da sabuwar hanya ke iya yanke masa burtali. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, rigima kuma daga nan take tashi.

Abin da zai kashe irin wannan zama shi ne a tambaya a yi shiru. Wanda ya bar aikin rabin yini ya faɗi damuwarsa, shekara ta zagayo bai ga ko tifa ɗaya ba, ba zai sake zama ba, kuma yana da gaskiya. Ko kwalbati ɗaya aka iya yi, a dawo tasha a ce ga shi, ga abin da ya ci, ga wanda ke biye. Mutanen karkara ba su ƙi aikin gayya ba. Idan hukuma ta kawo marmara da siminti, za a sami masu shebur. Haka kuma kuɗin tikitin da ake karɓa a tasha, ya kamata mai biya ya san nawa ne ke komawa kan hanyar da yake bi.

Kira na ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da kansiloli, da iyayenmu hakimai: ranku ya daɗe, kafin a rubuta kasafin hanyoyi na baɗi, a je tashar Masama da sauran tashoshin karkara a zauna da 'yan kabu-kabu, a rubuta abin da suka faɗa, a kuma fara aiki daga nan.